TSUNTSU DA JIRGIN SAMA: DARASI DAGA DAMARE DA KEWAYEN FILIN JIRGIN YOLA

Damare tana gefen Jimeta ne, cikin Ƙaramar Hukumar Girei ta Jihar Adamawa, daura da Kogin Binuwai da Tafkin Geriyo. 'Yan Nijeriya da yawa sun san sunanta saboda sansanin horar da masu yi wa ƙasa hidima da ke can. Wanda ya kwana a garin ya kan ji kukan tsuntsayen ruwa tun da asuba, kafin hantsi kuma ya ji ƙugin jirgin sama daga filin jirgin Yola, wanda tun 2023 ake kira da sunan Lamiɗo Aliyu Mustafa. Tsakanin fadamar da tsuntsayen suke kiwo da titin da jirgin yake tashi, 'yan kilomitoci ne kawai.

Mun ɗauki Damare misali ne domin ta tara abubuwan da wannan darasi ya ƙunsa: ga kogi, ga tafki, ga gonakin shinkafa, ga gari yana ta bunƙasa, ga kuma filin jirgi. Amma maganar ta shafi mutumin Fagge da Kurna a Kano, da na Sakkwato, Katsina, Maiduguri, Kaduna da duk inda jirgi ke sauka. Turawa suna da suna na musamman da suke kiran wannan hatsari da shi. Mu a nan za mu ce masa karon tsuntsu, ko da yake in an bi gaskiya jirgin ne yake karo da tsuntsun.

Ƙarfin karon

Tambayar da mutane suka fi yi ita ce, ta yaya abin da yaro ke kashewa da danƙo zai yi wa ƙarfe mai nauyin tan sittin ko saba'in lahani? Amsar tana ga gudu. Masana kimiyya sun tabbatar cewa ƙarfin karo yana ƙaruwa daidai da nauyin abin da aka yi karo da shi, amma in gudu ya ninka sau biyu, to, ƙarfin karon ya ninka sau huɗu ke nan. In ya ninka sau uku, ƙarfin ya ninka sau tara.

Bari mu yi lissafi. Jirgin fasinja irin Boeing 737 yana ɗaga hanci daga ƙasa ne yana gudun wajen kilomita 270 a sa'a. In a wannan lokaci ya haɗu da tsuntsu mai nauyin kilo 1, ƙarfin karon ya yi daidai da a sako buhun masara mai kilo 100 daga tsayin kusan mita 3. Kuma duk wannan ƙarfi zai taru ne a wuri ɗaya wanda bai fi tafin hannu biyu ba. Shirwa ta kan yi kusa da kilo 1, shamuwa ta ɗan ɗara haka, ungulu ta kan kai kilo 2, dinya kuwa ta kan haura kilo 5. Mai karatu ya iya ƙarasa lissafin da kansa.

Tsuntsu ya kan bugi gilashin gaban matuƙi, ko hancin jirgi inda na'urar rada take, ko gaban fiffike, ko ƙafafun sauka, ko kuma ɗan bututun da ke auna gudun jirgi. Kowane daga cikin waɗannan yana da nasa hatsari. Amma inda hankalin matuƙa ya fi tashi shi ne inji.

Abin da ke faruwa cikin inji

Injin jirgin fasinja na zamani da iska yake aiki. A bakinsa akwai wata babbar fanka mai fikafikai na ƙarfe, wadda a jirgi irin 737 take juyawa wajen sau 5,000 a minti ɗaya lokacin tashi. Ita ke zuƙo iska. Mafi yawan iskar tana bi ta gefe ne ta fita ta baya, ita ce kuma ke ba da mafi yawan ƙarfin tura jirgi. Ragowar tana shiga cikin zuciyar inji, inda wasu jerin ƙananan fikafikai suke matse ta, sa'an nan ta isa wurin da ake fesa mata mai a ƙona. Zafin da ya fito shi ke juya wata farfela ta baya, ita kuma ta juya fankar gaba. Haka abin yake zagayawa muddin iska tana shiga daidai, wuta kuma tana ci.

To, in tsuntsu ya faɗa wa fankar gaba, fiffike ɗaya ko biyu su kan lanƙwashe ko su tsage. Da ma fikafikan an auna nauyinsu ne daidai wa daida, saboda haka da ɗaya ya baci sai inji ya kama jijjiga, kamar yadda fankar ɗaki take yi in yaro ya lanƙwasa mata hannu guda, sai dai wannan jijjigar fasinja na jin ta har cikin kujerarsa. In fiffike ya karye, gutsurensa ya zama harsashi, ya bi ta ciki yana kakkarya 'yan'uwansa. In kuma nama da ƙashi da gashin tsuntsun suka shiga zuciyar inji, sai iska ta kasa wucewa yadda ya kamata, ta dawo baya da ƙarfi. A nan ne ake jin ƙara kamar ta bindiga, a ga harshen wuta yana fitowa ta bayan inji, wani lokaci har a ji ƙauri cikin jirgi. In abin ya tsananta, wutar da ke ci a ciki ta mutu, inji ya tsaya.

Masu ƙera injuna ba su jahilci wannan ba. Kafin a ba sabon inji takardar izinin aiki, sai an ɗaure shi a masana'anta yana gudu, an harba masa matattun tsuntsaye da wata irin bindigar iska. Ƙa'ida ita ce, in ya haɗiye tsuntsaye matsakaita, dole ya ci gaba da ba da mafi yawan ƙarfinsa na ɗan lokaci. In kuwa babban tsuntsu ne, mai nauyin kilo 1.8 zuwa sama da kilo 3 da rabi gwargwadon faɗin bakin injin, ba a tilasta masa ya ci gaba da aiki ba. Abin da ake bukata kawai shi ne kada ya kama da wuta, kada ya tarwatse, kuma a iya kashe shi lafiya. A lura da wannan da kyau. Ba wanda ya yi alkawari cewa inji zai haɗiye ungulu ya ci gaba da tafiya.

Abin da ke rufa asiri shi ne, kowane jirgin fasinja mai inji biyu an ƙera shi yadda zai iya ƙarasa tashi, ya yi shawagi, ya sauka da inji ɗaya, kuma ana maimaita wa matuƙa horon wannan a kai a kai. Don haka mafi yawan karon tsuntsu ba ya jawo hasarar rai. Haka ta faru a Kano a watan Mayu na 2021, sa'ad da wani jirgin Max Air da ya nufi Abuja ya yi karo da tsuntsu jim kaɗan bayan tashinsa daga filin jirgin Malam Aminu Kano, matuƙin ya juyo da shi ya sauka, kowa ya fita lafiya. Babban abin tsoro shi ne garke, domin garke yana iya cika injunan biyu a lokaci guda.

Inda garke ya yi ɓarna

Matsalar ta girmi kowane jirgin da ke tashi yau. Tun 1905 Orville Wright, ɗaya daga cikin 'yan'uwa biyun da suka fara tashi da jirgi mai inji, ya bugi tsuntsu. A 1912 aka yi rashin rai na farko, lokacin da tsuntsun teku ya maƙale wa wani matuƙi mai suna Calbraith Rodgers a igiyoyin sarrafa jirginsa a gaɓar Kalifoniya. Amma abin da ya farkar da hukumomi shi ne hatsarin Boston ta Amurka ranar 4 ga Oktoba 1960. Jirgi mai inji huɗu ya shiga cikin garken wasu tsuntsaye da ba su kai kurciya girma ba, 'yan daƙiƙoƙi bayan tashinsa, ya faɗa ruwa. Mutum 62 suka rasu daga cikin 72.

Mutane da yawa sun ji labarin Kyaftin Chesley Sullenberger, wanda ranar 15 ga Janairu 2009 ya tashi daga Niyu Yok da jirgin Airbus A320, ya haɗu da garken dinya irin ta Kanada, injunansa biyu suka mutu. Cikin ƙasa da minti huɗu ya sauke jirgin a kan Kogin Hudson, mutum 155 da ke ciki duka suka tsira. Haka kuma a watan Agusta na 2019, kusa da Mosko, wani jirgin ya sauka cikin gonar masara bayan tsuntsayen ruwa sun lalata masa injuna, mutum 233 suka tsira. Bayan wannan hatsari an yi ta magana a kan jujin shara da ke kusa da filin jirgin. Ba kullum ake samun irin wannan sa'a ba. Ranar 29 ga Disamba 2024, a Muan ta Koriya ta Kudu, jirgin Jeju Air ya sauka da ruwan ciki bayan matuƙinsa ya ba da rahoton karon tsuntsu, ya zarce ƙarshen titi ya daki wani ginin kankare, mutum 179 suka rasu. Masu bincike sun sami gashi da jinin agwagwar ruwa a injunan biyu.

Amma a ganinmu, labarin da ya fi dacewa mutumin Damare ya riƙe shi ne na Bahir Dar a ƙasar Habasha. Bahir Dar gari ne a bakin Tafkin Tana, inda ruwa da gonaki suke kusa da filin jirgi. Ranar 15 ga Satumba 1988 jirgin Boeing 737 na kamfanin jiragen Habasha ya kama hanyar Asmara. Yana cikin ɗagawa sai ya shiga garken hasbiya. Injunan biyu suka haɗiye su. Matuƙin ya yi ƙoƙarin zagayowa ya koma fili, amma kafin ya isa injunan suka mutu, ya sauka a wani buɗaɗɗen wuri, jirgin ya kama da wuta. Mutum 35 suka rasu daga cikin 104. Hasbiya fa, wadda take kwana a rufin makarantunmu da masallatanmu, ba wani baƙon tsuntsu na ƙasar sanyi ba.

Tsuntsayen Binuwai da lokutansu

Ƙididdigar Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Duniya, watau ICAO, ta nuna cewa wajen kashi 90 cikin 100 na karon tsuntsu yana faruwa ne a filin jirgi ko kusa da shi, lokacin tashi ko sauka. Dalili a fili yake: mafi yawan tsuntsaye ba sa yin nisa da ƙasa. Akan sami na daban, kamar wata babbar ungulu ta daji da jirgi ya buga a sararin Abijan a 1973 yana tsayin ƙafa 37,000, amma wannan abin al'ajabi ne. Hatsarin yau da kullum yana ƙasa, a saman gidajenmu da gonakinmu.

Kwarin Binuwai kuwa ba ya rabuwa da tsuntsu duk shekara, sai dai iri ya canja. Da faɗuwar ruwan farko shamuwa take isowa. A daidai lokacin ne shinge, watau garar nan mai fiffike, yake fitowa bayan ruwa, sai ka ga shirwa da shamuwa da hankaka sun yi dandazo suna cafka. In shingen ya fito a cikin ciyawar filin jirgi, ko ya taru a fitilunsa da dare, to, liyafar a bakin titin jirgi za a yi ta. Da damina ta yi nisa kogi ya kan cika ya malala cikin fadama, balle a shekarun da aka sako ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, kamar 2012 da 2022. In ruwa ya janye ya bar tabkuna da kifi da kwaɗi, sai zalɓe da balbela da agwagin ruwa su sauka. Wajen Satumba da Oktoba kuma baƙin tsuntsaye suke ƙetaro Sahara daga Turai, su zauna har Maris ko Afrilu.

Da kaka, da kuma lokacin da shinkafar rani ta Geriyo ta nuna, sai jan baki. Manoman Adamawa, musamman na wajen Numan, Demsa da Lamurde, ba sa bukatar a gaya musu ko mene ne jan baki. Guda ɗaya bai fi giram 20 ba, amma yana tafiya ne dubbai, garkensa kamar hayaƙi. Da rani kuma, in an cinna wa daji wuta, shirwa ta kan bi hayaƙin tana kama fara da ɓeraye masu gudu. Da magariba ga jemagu, waɗanda ko da yake ba tsuntsaye ba ne, inji bai san bambanci ba.

Wani abin da ya kamata a fahimta shi ne, wurin da tsuntsu yake ci dabam, wurin da yake sha dabam, wurin kwanansa kuma dabam. Balbela ta kan yini wajen shanu, da yamma ta jera zuwa itacen da take kwana. In makiyaya tana wannan gefe na filin jirgi, makwanci yana wancan gefe, to, sau biyu a rana za ta ƙetare hanyar jirgi, da sassafe da kuma gab da faɗuwar rana.

Kilomita goma sha uku

A cikin filin jirgi, aikin na hukuma ne. Hukumar Kula da Filayen Jiragen Sama ta Tarayya, FAAN, tana da ma'aikata na musamman don wannan aiki, ita kuma Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama, NCAA, ita ke sa ido a kan bin ƙa'ida. Dabarun da ake amfani da su a filayen jirage sun haɗa da sintiri a kan titi kafin jirgi ya tashi, da bindigar gas mai ƙara, da lasifika mai kwaikwayon kukan tsuntsun da ke cikin wahala, da kula da tsawon ciyawa, da cike kududdufai. Sai dai tsuntsu yana da wayo. In ya ji ƙara sau goma bai ga abin da ya same shi ba, sai ya saba, har a gan shi zaune a kan bindigar. Kora magani ne na sa'a guda. Muddin abinci yana nan, zai dawo.

Saboda haka ne ICAO ta ba da shawarar a lura da duk abin da ke jawo tsuntsu har nisan kilomita 13 daga filin jirgi, musamman jujin shara. In aka kafa tsinke a tsakiyar filin jirgin Yola aka zana da'ira mai wannan nisa, Jimeta duka tana ciki, Damare da Geriyo suna ciki, haka ma wani babban yanki na kogin. Watau dubban magidanta suna da hannu a lafiyar jirgin da bai taɓa ɗaukarsu ba, ko da ba su sani ba.

Ba wanda zai ce a kawar da Binuwai, ba kuma wanda zai ce manomin Geriyo ya bar shinkafarsa. Kogi ya riga jirgi zuwa, noman rani kuma shi ke ciyar da gidaje masu yawa. Abin da ke hannunmu shi ne abincin da mu da kanmu muke ajiye wa tsuntsu. Hausawa sun ce ungulu ba ta jewar banza. In ka ga shirwa ashirin suna kewaya wuri ɗaya a sama, je ka duba ƙasa, za ka tarar da bola, ko wurin fiɗa, ko mushe.

Na farko a wannan sahu shi ne mayanka. Jini da tumbi da guntayen kayan ciki da aka watsar a fili su ne suka fi kome tara shirwa da hankaka da ungulu, watau tsuntsaye masu nauyi, masu shawagi a daidai tsayin da jirgi ke bi in zai sauka. Sarkin fawa da ya sa aka haƙa rami mai murfi, ake binne abin da ba a bukata kowace rana kafin azahar, ya yi wa matafiya aikin da bindigar gas goma ba za su yi ba. Wannan ya ƙara muhimmanci a ranakun Babbar Salla, da yanka yake a kowane gida. Haka nan masu gyaran kifi a bakin kogi, da masu gidajen kaji da suke jefar da matattu a bayan katanga, da masu abincin sayarwa.

Sai juji. Bolar da aka bari a buɗe tana tara ɓera da ƙwari, su kuma su jawo tsuntsu. Kai shara inda hukuma ta keɓe, da rufe ta da ƙasa, ya fi ƙona ta. Ramukan da masu bulo da masu ɗibar ƙasa suke bari su ma su kan zama kududdufai da damina. Masu casar shinkafa da masu shanya hatsi kusa da fili su share zubabben ƙwaya. Makiyayi kada ya kai dabbobinsa jikin wayar filin jirgi, domin balbela tana biye da shi, wanda kuma ya yanke wayar don neman gajeriyar hanya ya buɗe wa karnuka da awaki ƙofa zuwa titi. Ga samarinmu masu kiwon tantabara, labarin Bahir Dar ya isa. Hasbiya da tantabara dangin juna ne, girmansu ma kusan ɗaya. Wanda gidansa ke dab da fili ya rage garke, kada kuma ya tashe su a sa'o'in da ya san jirgi na zuwa. Mai unguwa da limami da shugabannin ƙungiyoyin sana'a su ne suka fi kowa iya isar da wannan magana, domin sun san wane ne mai wace bola.

Kada wani ya fahimci cewa ana kira ne a kashe tsuntsaye. Guba da ake zubawa a mushe ta riga ta yi wa ungulu mummunar ɓarna a Afirka ta Yamma, har tun 2015 aka sa ungulun da muka sani ta gari cikin jerin halittun da ke gab da ƙarewa. Dattawa sun shaida yadda a da take cika mahauta, yau kuwa sai a yi wata ba a ga ɗaya ba. Ita ce mai share mushe kafin ya yaɗa cuta. Balbela da shamuwa kuma suna rage wa manomi fara. Ban da haka, gawar tsuntsun da aka kashe ita ma abinci ce ga wani tsuntsun, ga shi kuma gubar tana iya komawa cikin ruwan da jama'a ke sha.

In kana cikin jirgin

Wanda ya ji ƙara da jijjiga bayan tashi, ko ya hangi wuta a bayan inji, ya zauna a kujerarsa da ɗamararsa a ɗaure, ya gaya wa ma'aikacin jirgi abin da ya gani da gefen da ya gan shi, domin matuƙi ba ya hangen injunansa sosai daga inda yake. In matuƙi ya yi shiru na 'yan mintoci, aiki yake yi: zai daidaita jirgi tukuna, ya bi matakan da aka tsara, ya yi magana da hasumiya, sa'an nan ya waiwayi fasinja. In an sauka aka ce a fita da gaggawa, a bar jaka.

Sau da yawa kuma ba a jin kome. Sai bayan an sauka injiniya ya ga jini ko gashi a bakin inji, a ce jirgin da zai koma Abuja ko Legas ba zai tashi ba. A nan ne fasinja su kan fusata, suna cewa ai jirgin lafiyarsa ƙalau ya iso. Abin da ba su gani ba shi ne, dole a zura wata siririyar na'ura mai kyamara cikin injin a duba fikafikan ɗaya bayan ɗaya, domin tsagar da ido ba ya gani tana iya buɗewa a tashi na gaba. In an sami ɓarna, sai an kawo kayan gyara da ƙwararru daga wani gari, wani lokaci daga wata ƙasa, inji ɗaya kuwa kuɗinsa miliyoyin dala ne. Gashin da aka tsinta ma ba a zubar da shi. Ana ajiye shi don a gane irin tsuntsun, a rubuta ranar da sa'ar da tsayin da abin ya faru, domin da wannan ne ma'aikatan fili za su san ko daga kogi ya fito, ko daga gona, ko daga bolar wata unguwa.